Filin Tambayi Bakanike: Rokar da Baba ya bari

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana roka Mercedes 911 mai bodin katako, wadda ya yi shekaru yana dakon hatsi da shanu da ita tsakanin Mai'aduwa da Kano. Yayana ya ce ƙirar Najeriya ce, kuma 911 lambar injinta ce. Yanzu tana hayaƙi tana shan baƙin mai. Mu gyara ko mu sayar? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Ka gaya wa yayanka 911 ba lambar inji ba ce. A 1963 kamfanin ya sauya yadda yake raɗa wa manyan motocinsa suna: lambar farko nauyin mota da kayanta a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin inji in an ninka su sau goma. Wato 911 tan 9 ce, ƙarfin doki kusan 110. Haka 1113 tan 11 da doki 130, babbar yayarsu 1924 tan 19 da doki 240. Ka lura, tan 9 ɗin har da nauyin ita motar. Sai ka tuna irin lodin da ake yi mata a Dandume da Bakori lokacin kaka, buhu kan buhu, ga fasinja a sama. Wanda ya ƙera ta da zai gani, da ya riƙe baki.

Wannan ƙira mai gajeren hanci ta fito ne a Jamus a 1959. Dokar ƙasar ta lokacin ta taƙaita tsawon manyan motoci, sai aka tura wani sashe na injin cikin ɗakin direba don bodi ya samu fili. Turawa sun koma masu shafaffen goshi tun tuni, amma an ci gaba da ƙera ta saboda kasuwannin waje har 1995. Batun ƙirar Najeriya kuwa, yayanka bai yi nisa da gaskiya ba. An buɗe masana'antar ANAMMCO ta Inugu mai haɗa motocin Mercedes a 1980, zamanin da Steyr ke Bauchi, Fiat ke Kano, Leyland ke Ibadan. Ko taku ta Inugu ce ko ta Jamus, farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar shasi zai raba muku gardama.

Injin da aka fi samu a cikinta shi ne OM 352, wanda ya fito a 1964: silinda shida a jere, lita 5.7, yana fesa gas kai tsaye kan fistin. Babu kwamfuta, babu na'urar da za ta kashe maka mota a dajin Kazaure saboda waya ɗaya ta tsinke. Famfon injekta ne da nozul, kuma duk garejin manyan motoci a Katsina akwai wanda ya san cikinsa. Ni kam na fi son sa da injin Actros, babbar motar Mercedes ta zamani wadda ta zo a 1996, duk da ta fi shi ƙarfi da tsimin mai nesa ba kusa ba. Ita sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi ciwonta.

Hayaƙin fa, wane launi ne? In baƙi ne, a fara da nozul, famfo da matatar iska. In shuɗi ne, ga shan baƙin mai, to ringi ne, sai an sauke inji. In bulo ya gaji ƙwarai, ana ɗora OM 366, magajinsa na 1984.

Amma kafin ku kashe ko sisi a inji, ku sa a shiga ƙarƙashinta da fitila. A duba shasi wajen maratayar sifirin baya, nan lodi ke fasa shi, a kuma duba birki. In shasi lafiya lau, ku gyara. In an sha yi masa walda, ku sayar, a raba kuɗin yadda shari'a ta tsara tunda kayan gado ne.