Waya Ko Kyamara? Amsoshin Masu Fita Ɗaukar Hoto a Damina

Wani ɗalibi daga Garwa ya rubuto cewa ya tara sefa dubu 150 a wannan hutun, yana son ɗaukar tsuntsaye da dorina a Kogin Binuwai. Ya sayi sabuwar waya ne, ko tsohuwar kyamara?

Ƙanena, da ka ce duwatsu da gajimare kake so, da na ce riƙe wayarka, ta isa. Amma tunda ka ambaci dorina, magana ta canja. Dorina ba a matsa mata, musamman mai ɗa, masunta ma kewaye ta suke yi. Idan ka ja hoto da yatsa biyu a waya, yawancin wayoyi ba kusanto da abin suke yi ba, yanko tsakiyar hoton suke su kumbura shi. Shi ya sa dorinar ke fitowa kamar baƙar tukunya a cikin ruwa. Nemi tsohuwar Canon ko Nikon mai lensin milimita 70 zuwa 300, wato dogon gilashin gaba mai kusanto da abu na nesa, ka sa mafi yawan kuɗin a lensin.

Kada ka biya sai ka cire lensin ka haska shi da tocilan waya. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, ajiye masa kayansa ko da ya rantse maka. Ka ɗauki hoton farar takarda ka duba ko akwai ɗigo. Ka tambayi caja da batir na asali. In canji ya rage, ƙara batir na biyu.

Wani abu kuma, idan wajen gadar kogin za ka nufa: kada ka saita kyamara kan gadar ko shingen jami'an tsaro. Doguwar kyamara tana jan ido fiye da waya, kuma bayani a gaban jandarma ba ya ƙarewa da wuri.

Wata Hajiya daga Ngaundare ta ce za su je ganin ruwan Tello, mai zubowa daga saman dutse, da yara, tana tsoron feshin ruwa da laima su lalata mata kyamara. Ta sayi jaka mai tsada?

Hajiya, barka da hutu. Ba sai kin sayi jakar ba. Leda mai kauri da robar ɗauri sun isa a wurin, sai ƙyalle mai laushi na goge gilashi. Ɓarnar ba a bakin ruwa take faruwa ba, a gida take. Ni kaina na taɓa dawowa daga can cikin watan Agusta, na rufe kyamara a jaka da danshinta, na manta da ita wata biyu. Da na buɗe, lensin ya yi fumfuna, mai gyara ya karɓi kuɗina, tabon kuma yana nan har yau. Idan kin dawo, fito da ita ta sha iska. Sannan ki sa ta a robar abinci mai murfi, tare da ƙananan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu tsotse laima.

Ki kuma fita da wuri. Hasken bayan asuba zuwa hantsi, da na bayan la'asar, su ne masu kyau. Da tsakar rana fuskokin yara duk inuwa za su yi.

Wani malami daga Marwa ya tambaya ko ya kai iyalinsa Waza a wannan hutun.

Malam, a daure a jira. Waza, wadda ta zama gandun ƙasa a 1968, ta rani ce. Da damina fadama ta cika, hanya ta zama taɓo, ciyawa ta rufe komai, dabbobi kuma sun watsu saboda ruwa ko'ina. A Maris da Afrilu ne giwa da raƙumin dawa ke taruwa a tafkunan da suka rage. Haka Zakuma ta Cadi, rufewa take da damina. Damina lokacin duwatsun Mandara ne, irin su Rumsiki, domin ruwa ya wanke hazo, tsauni ya fito tangaran a kan kore. Amma ko can ko Waza, a fara tambayar hukuma halin tsaron hanya kafin a zuba mai a mota.