Zauren Bakanike: "Kawu, ta ina ake fara sana'ar tsalle da babur?"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Shekarata 19, ina acaɓa da Boxer ɗin yayana tsakanin Kwangila da Samaru. Na iya ɗaga ƙafar gaba in yi tafiya mai nisa a haka, na iya miƙewa tsaye kan sirdi babur na gudu, kuma duk bikin da aka yi a unguwarmu ni ake kira in yi wasa a gaban motar amarya. Ina kallon Turawan nan a waya da suke tashi sama da babur, su yi alkafura, su dira lafiya. An ce mini sana'a ce, har arziki suke yi da ita. Ta ina ake farawa? Inna ta ce in ta sake jin na yi wasa a titi za ta sa Yaya ya karɓe makulli.

Ɗanka, daga Hanwa, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya ce maka sana'a ce bai yi maka ƙarya ba. Turawa suna kiranta FMX a taƙaice (freestyle motocross, wato wasan tsalle da babur), kuma ni kaina, da furfurata, in yara suka kunna a gareji sai in ajiye sifana in matso in kalla. Amma ka ba ni hankalinka, domin abin da wayar take nuna maka na daƙiƙa ashirin ne, sauran labarin ba ta nuna maka.

Mu fara da babur ɗin, tunda nan ne gonata. Boxer ɗin yayanka injinsa 100cc ne, an ƙera shi don ya ɗauki mutum biyu da buhun masara, ya sha mai kaɗan. Na masu tsallen nan yawanci 250cc ne, irin su Yamaha YZ250, nauyinsa wajen kilo 100, shakazobarsa kuma tana iya lotsawa kusan ƙafa guda kafin ta ƙure. Kuma ba haka suke hawansa yadda ya fito daga kamfani ba. Sai an rage soson sirdi don ƙafa ta wuce ba ta sarƙe ba, an yanke robar gefe an yi ramin da hannu zai kama in an saki ƙaho a sama, an ƙara wa shakazoba tauri. Tazarar da aka saba sa wa tsakanin gangaren ƙarfen da ake tashi a kai da tudun ƙasar da ake dira ƙafa 75 ce, wato mita 23. Ka auna wannan a filin ƙwallon unguwarku da taku, ka tsaya a ƙarshe ka waiwaya. Abin da ya fi burge ni a matsayina na bakanike shi ne yadda suke tuƙa babur yana sama: in ya murɗa totur, ƙafar baya ta ƙara juyi, gaban babur ya ɗago, in ya taɓa birkin baya, gaban ya sunkuya. Da wannan ɗan taɓin ne yake daidaita saukarsa, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku.

Yanzu mutanen. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Travis Pastrana, Ba'amurke, haifaffen 1983. Tun yana ɗan shekara 4 aka ɗora shi kan ƙaramin babur, ya tashi cikin tseren babur a turɓaya, kuma a 1999, yana da shekara 15, ya ci zinare a X Games, babbar gasar wasannin kasada ta Amurka, karon farko da aka sa wannan wasa a cikinta. A 2000 ya ci kambin tseren Amurka na ajin 125cc. Ka lura da wannan: kafin duniya ta san shi da tsalle, ya yi shekara goma yana koyon yadda babur ke tashi da yadda yake sauka. Kusan duk manyansu ta wannan ƙofa suka shigo. Kai ɗan Zazzau ne, ka ga masu sukuwa ranar Hawan Daushe, yadda mutum zai sako doki a guje ya ja linzami ya tsaya cak a gaban Sarki. Babu wanda ya koyi wannan ranar sallah. Tun yana yaro yake yankan ciyawa, yake kai doki kilisa.

Alkafurar da kake gani kamar wasan yara, a 2000 aka fara gwada ta a gasa. Carey Hart ne ya gwada, ya juya babur ɗin amma ya faɗi wajen dira. Sai a 2002 Mike Metzger ya yi ta a X Games ya sauka daram. A 2006, a Los Anjelis, Pastrana ya juya sau biyu a tashi ɗaya, a 2015 kuma Josh Sheehan, ɗan Ostireliya, ya juya sau uku a filin atisaye na gidan Pastrana. Shekara goma sha biyar ke nan daga juyi ɗaya zuwa uku, a hannun mutanen da ba su da wani aiki sai wannan. Kuma ba a kan ƙasa suke koyo ba. Suna da wani ƙaton rami cike da gutsattsarin soso, a ciki suke faɗawa da babur, a sa ƙugiya a ciro su, su sake, har sai jiki ya haddace. Sai sun gama da soso sannan su tunkari turɓaya, da hular kwano mai rufe haɓa, da sulken ƙirji, da takalmi har ƙauri, da motar asibiti a gefe tana jira.

Duk da wannan tanadi, jikin yana biya. Pastrana ɗin nan yana ɗan shekara 14 ya gaza kai tudun sauka, ƙashin bayansa ya rabu da na ƙugu, ya yi wata uku a keken guragu. Jeremy Lusk ya ci zinaren X Games a 2008; a watan Fabrairun 2009 ya faɗi a kan kansa a wata gasa a Kosta Rika, bayan 'yan kwanaki ya rasu yana da shekara 24. Eigo Sato na Japan wurin atisaye ya mutu a 2013. Waɗannan gwanaye ne na gwanaye.

Batun kuɗi kuwa, ta hanya uku suke shigowa: ladan gasa, kwangilar talla da kamfanoni irin su Red Bull da Monster, da wasan nuni na zagaya ƙasashe irin na Nitro Circus da Pastrana ya kafa da abokansa. 'Yan ƙalilan na sama ne suke yin arziki. Sauran kullum a hanya suke, daga wannan taro zuwa wancan, kuma ranar da ƙafa ta karye ranar ce abinci ya tsaya. Gasar ma ba ta da tabbas. Red Bull X-Fighters ta fara a 2001 a Sifaniya, ta yi suna a filin wasan bijimai na Madrid, ta zo Afirka har gaban dalar Giza a Masar da Firitoriya a Afirka ta Kudu, amma bayan 2017 ta tsaya. Shi kansa Pastrana tseren motoci ya ƙara da shi, ya ci kambin Amurka na tseren daji sau huɗu a jere.

To, ɗana, abin da kake yi a gaban motar amarya ba farkon wannan hanya ba ne, wata hanya ce daban, kuma na san inda take kaiwa. Shekaru kaɗan da suka wuce ina da wani yaro a gareji, hannunsa na da albarka, in ya ɗaure inji ba na sake dubawa. Wata Asabar ya ari babur ya bi rakiyar amarya. Yana tsaye kan sirdi wata akuya ta gitta. Da la'asar aka turo mini babur ɗin a bayan a-kori-kura: shakazobar gaba ta lanƙwashe ta koma ƙarƙashin inji, wayoyin ƙafa sun tsinke sun yi cirko-cirko, silifas ɗinsa guda ɗaya na maƙale a matakin ƙafa. Ni na cire shi da hannuna. Ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu, mahaifinsa ya sayar da gona aka sa masa ƙarfe, har yau da ɗingishi yake tafiya, kuma ba ya iya tsugunawa gaban inji kamar da. Masu guɗar da suka zuga shi, da aka kwana biyu ko sannu ba su leƙo ba. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin na san yana wasan, na gani, ban tsawatar masa da ƙarfi ba. Shi ya sa kai ba zan lallaɓa ka ba. Inna tana da gaskiya. Kwalta ba ta lotsawa, kuma a titi ba ranka kaɗai ka ɗauko ba, akwai yaro ɗan makaranta da tsohuwa mai tsallakawa.

Ba na so ka kashe son da kake yi wa babur. Baiwa ce, kuma wanda ya iya riƙe Boxer a ƙafa ɗaya yana da ma'aunin jiki da ba kowa Allah ya ba ba. Ka sayi hular kwano ta gaske kafin ka sayi sabuwar waya, ka riƙa ɗaure igiyarta. Ka koyi gyara, domin kowane ɗan wasan nan da kake gani akwai bakanike a bayansa, kuma da yawansu da hannunsu suke kwance babur su ɗaure. In Allah ya hore maka, ka tara ka sayi babur ɗin daji ko na hannu ne, ka nemi fili na turɓaya nesa da mutane da izinin mai shi, ka fara da kwana da birki da ƙananan tudu, kuma kada ka taɓa zuwa kai kaɗai. Alkafura kuwa, muddin babu ramin soso da wanda ya iya da zai tsaya a kanka, ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Ka ce wa yayanka ya kawo ka Sabon Gari wata Juma'a bayan masallaci, in buɗe maka shakazobar Boxer ka ga iya tsawon abin da ke ciki da idonka. Ka gaishe mini da Inna.