Tambaya da Amsa: Ɗinke Hoton Fadamar Rima da Kyamara Mai Zugazugi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a cikin garin Sakkwato, kuma yawancin aikina na biki ne da suna. Na gaji wata tsohuwar kyamara daga kakana, irin wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin a leƙa, mai zugazugi a tsakiya, an rubuta 150 a jikin idonta. Na daɗe ina son in ɗauki fadamar Rima daga wajen Kwalkwalawa a hoto guda mai faɗi, in buga shi babba in rataye a shago. Na gwada da waya, sai fangalin albasar da ke gabana ya fito a karye. An ce ana ɗaura kyamarar zamani a bayan irin wannan tsohuwa, a ɗauki hoto gutsure-gutsure, a ɗinke a kwamfuta. Shin gaskiya ne, kuma yaya ake yi? Daga wani mai karatu, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kaka, ya bar maka gado mai kyau. Gaskiya aka faɗa maka, amma kafin ka kashe ko kwabo, ya kamata ka san dalilin da ya sa fangalin nan ya karye, domin a nan ne amfanin tsohuwar kyamarar yake.

Ka tuna yadda abin yake idan kana cikin mota a hanyar Illela: itatuwan bakin titi suna wucewa a guje, na nesa kuwa kamar a tsaye suke. Duk lokacin da mai kallo ya gusa, abin da ke kusa yakan sauya matsayinsa fiye da abin da ke nesa. Sa'ad da kake juyawa da waya a hannu, idon kyamarar yana gusawa tare da jikinka, saboda haka fangalin da ke gabanka bai tsaya wuri ɗaya ba tsakanin ɗauka da ɗauka, alhali gulbi da itatuwan ƙetare sun tsaya. Manhaja ta daidaita na nesa, sai na kusa ya ƙi haɗuwa.

Kyamarar kakanka tana da allo biyu, na gaba mai riƙe ido da na baya mai riƙe fim, zugazugin kuma aikinsa hana haske shiga tsakaninsu, kuma kowane allo yana iya motsawa shi kaɗai. Idan irin wadda ta fi yawa ce, fim ɗinta inci 4 ne a inci 5, kuma idonta mai milimita 150, wato tazarar ido da fim idan an saita abin da ke nesa, yana jefa hoto a da'ira wadda faɗinta yakan kai kimanin milimita 200. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar zamani babba kuwa yawanci bai wuce milimita 36 a 24 ba. Hoton yana nan shimfiɗe a bayan ido kamar ƙatuwar tabarma, kai kuma ƙaramin faifai ne a hannunka. Dabarar ita ce ka kafe idon wuri ɗaya, ka riƙa gusa kyamarar zamani a bayansa kana kwasar hoton kashi-kashi. Tun da ido bai motsa ba, na kusa da na nesa duk za su haɗu ba karaya.

Abin da za ka nema shi ne farantin mahaɗi wanda yake shiga gurbin gilashin baya, mai baki daidai da na kyamararka. Kamfanin Fotodiox yana cikin masu yin irinsa, kuma wasu suna da layin gusawa hagu da dama. Kyamarar da ba ta da madubi a ciki ta fi dacewa, domin farantinta yana kusa da baki: a ta Sony mai bakin E tazarar milimita 18 ce, a ta Canon mai madubi, mai bakin EF, kuwa 44. Wannan zurfi yana da illa, domin idan ka gusa da yawa bakin kyamarar da kansa yakan tare haske, gefen hoto ya yi duhu, kuma ido gajere, kamar mai milimita 65 ko 75, sau da yawa ba ya matsowa kusa har ya fito da abin da ke nesa. Naka mai 150 bai cika samun wannan matsala ba.

Bari mu yi lissafi. Ka ɗauki na tsakiya, ka gusa milimita 24 hagu ka ɗauka, ka koma milimita 24 dama da tsakiya ka ɗauka. Kowane hoto zai hau kan maƙwabcinsa da milimita 12, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma wannan ya ishi manhaja ta gane mahaɗa. Jimillar faɗi milimita 84 ke nan a tsayin 24. Idan kyamararka mai megafiksil 24 ce, wato ɗigo 6,000 a 4,000, za ka tashi da hoto mai ɗigo 14,000 a 4,000, wanda zai ɗauki bugu mai tsawon fiye da mita ɗaya ba tare da ya fashe ba.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Duk wannan faɗin, da ido mai milimita 150, kimanin digiri 31 ne kawai na abin da ke gabanka. Yanki ne na fadama, mai kaifi matuƙa, amma ba fadamar gaba ɗaya ba. Idan burinka ka kwaso daga gabas har yamma, dole ka juya kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, kuma idan babu komai kusa da kai, kyamarar bikinka kaɗai ta isa, ba sai ka ɗauko kayan kaka ba. A ganina, inda tsohuwar take cin kuɗinta shi ne inda kake son ganyen albasa a ƙasan hoto da giginya can nesa duk su fito tas. A nan sai ka ɗan sunkuyar da allon gaba, kaifin hoto ya kwanta ya bi shimfiɗar ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar da ake kira da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya wanda ya yi mata rajista a 1904. Sunkuyarwar kaɗan ce ƙwarai, kuma sabon shiga kusan kullum yakan wuce gona da iri.

Wajen ɗauka, ka buɗe murfin cikin tsohon idon ka bar shi a buɗe, kyamarar zamani ce za ta yi ɗauka. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko kusa da haka. Masu fim sun saba da f/22, wadda ta fi tsukewa, amma a ƙaramin faranti tsukewa da yawa tana dushe hoto. Ka saita saurin ɗauka da ISO, wato ƙarfin faranti wajen karɓar haske, da launin haske da hannunka, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, kada ka bar wa kyamara zaɓin komai, in ba haka ba sama za ta fito kala uku. Idan allon bayanka ba ya gusawa, ka gusa na gaba, sannan ka mayar da kyamarar gaba ɗaya gefen da ka baro da daidai wannan awon, domin ido ya koma mazauninsa. Ka kuma yi sauri, domin a nan Sakkwato hasken magariba ba ya jira, kuma garken shanu ko kwalekwalen da ya ratsa mahaɗa zai fito sau biyu ko a gutsure.

Ɗinkin shi ne mafi sauƙi. A Photoshop ka shiga Photomerge ka zaɓi Reposition, wanda yake jera hotuna ba tare da lanƙwasa su ba. Manhajar Hugin ma tana yi, kuma kyauta ce.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarka. Zugazugin da ya shekara da shekaru a ajiye cike yake da ita, farantin kyamararka kuma a buɗe yake a bayansa, kuma ɗigon ƙura guda zai maimaitu a hotuna uku. Ka kakkaɓe cikinsa, sannan ka shiga ɗaki mai duhu ka kunna tocila a ciki ka duba ko haske yana fita ta kusurwoyi. Ka ɗaura kyamarar tun daga gida, kada ka buɗe ta a bakin gulbi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana cinye nesa, ƙarshen damina kuwa, wajen Satumba da Oktoba, iska ta wanku, fadama kuma kore shar. Albasar da kake so amfanin rani ce, saboda haka ko dai ka haƙura da shinkafa a lokacin sarari, ko ka yi dakon safiyar da hazo ya lafa. Idan ka samu ranar, ka fara gaisawa da masu gonar ka nemi izininsu kafin ka kafa ƙafa uku a kan gaɓar fangalinsu.