Amsa ga Kawu kan bukukuwan lokacin zafi a Montreal

Kawu, barka da warhaka. Ka tambaye ni ko da gaske har da mu Hausawa ake zuwa wuraren kiɗan da kake gani a waya, ka ce ina muka ajiye kunya. Ana zuwa, Kawu, amma bari in faɗa maka yadda abin yake.

Sai ka san hunturun Kanada kafin ka gane. Daga Disamba zuwa Maris sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, a Disamba ma rana ta faɗi ƙarfe 4 da 'yan mintoci. Maƙwabcinka ma sai ka yi wata ba ka sa shi a ido ba. Shi ya sa da Yuni ta kama, rana ta riƙa kaiwa kusan ƙarfe 9 ba ta faɗi ba, garin duka yake fitowa titi. Mu da muka tashi da hirar dandali da zaman ƙofar gida, nan ne muke samun numfashi.

Bikin kiɗan jazz, wanda aka fara a 1980, shi ne babba. Ana rufe titunan da ke kewaye da Place des Arts, cibiyar wasanni a tsakiyar gari, ga motoci, kuma yawancin wasannin fili kyauta ne. Amma wanda ya fi kwanta mana a rai shi ne Nuits d'Afrique, bikin kiɗan Afirka da Lamine Touré ɗan ƙasar Gini ya kafa a 1987, ana yin sa a Yuli. A kwanakinsa na ƙarshe ana cin wata kasuwa mai sunan Tambutu: atamfa, turare, zoɓo mai sanyi, ƙamshin gasasshen nama. A nan za ka ga yaron da aka haifa a nan ya tsaya cak gaban mai kalangu, yana tambayar uwarsa yadda ganga take magana. Wallahi wannan kaɗai ya isa a fito da yara.

Abinci kuwa da tambaya muke ci. Ko poutine, wato soyayyen dankali da cuku da romo, sai mun ji da me aka yi romon. Nama muna sayowa wajen mahautan Aljeriya da Maroko a titin Jean-Talon. Kilishi ba ya wuce kwastan, don haka ran Lahadi mukan haɗu a lambun shaƙatawa, maza su hura gawayi su gasa tsire da ƙuli-ƙuli da yaji, mata su zo da dambu da fura, a shimfiɗa tabarma a yi La'asar cikin jam'i a kan ciyawa.

Giya tana nan, ba zan ɓoye maka ba, har a filin bikin. Mashayu a titin Saint-Laurent sai ƙarfe 3 na dare suke rufewa. Mu masu iyali kafin Isha'i, wadda kan kai 10:30, mun kama hanyar gida. Akwai gidajen da ba sa zuwa sam saboda kiɗa, kuma ba mai ganin laifinsu.

Inda hankalina yake tashi shi ne samarinmu, musamman ɗaliban da suka zo su kaɗai. Su ne dare ke ja. Shi ya sa duk wanda muka ji ya sauka muke neman sa, mu sa shi cikin zaman Lahadi tun makonsa na farko.

A gaishe min da Inna da yara.