Likita Ya Amsa: Idon Akuya, Jiri a Sujada da Amai a Jirgin Ruwa

Tambaya daga wani mai sayar da dabbobi a Agege: Likita, na lura cewa idan akuya ta sunkuya tana kiwo, tsagar idonta ba ta karkata tare da kanta. Mene ne dalili?

Amsa: Alhaji, ka ga abin da likitoci da yawa ba su taɓa lura da shi ba. A can cikin kunnen dabbobi irin su akuya, har da mutum, akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadari irin na alli, kusa da su kuma akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa. Ƙarfin jan ƙasa yana rinjayar tsakuwoyin zuwa ƙasa, su danna wasu siraran gashi, jijiya ta sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ya karkata, ita kuma ta juya idanu nan take ba tare da dabbar ta yi niyya ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya nuna cewa idon dabbobi masu kiwo yana juyawa har digiri 50 ko fiye, domin tsagar ta ci gaba da daidaita da shimfiɗar ƙasa, dabbar ta hango abin da zai kawo mata farmaki.

Tambaya daga wata uwa a Idi-Araba: Idan na yi sujada ko na juya a kan gado, sai ɗaki ya riƙa juyawa da ni na ɗan lokaci.

Amsa: Hajiya, mafi yawan jiri irin wannan, wanda bai cika kai minti ɗaya ba, yana faruwa ne idan tsakuwoyin da na ambata suka ɓalle suka faɗa cikin ɗaya daga bututun nan, suna motsa ruwan bayan kai ya riga ya tsaya. Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Likita zai kwantar da ke ya duba ko idanunki suna fizga, sannan ya juya kanki daki-daki bisa wata dabara da ake kira Epley har tsakuwoyin su koma mazauninsu. A ganina ƙwayoyin jiri da ake saye a kemis ɓata kuɗi ne a nan, domin ba su mayar da tsakuwa. Amma idan jirin ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, ganin abu biyu ko mutuwar hannu, a garzaya asibiti a sa'ar, saboda alamun shanyewar ɓarin jiki ne.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa: Ina amai duk lokacin da na shiga jirgin ruwa daga Ikorodu.

Amsa: Malam, kunnenka yana jin tangaɗi alhali idonka yana kan waya ko kujerar gabanka da ba ta motsi, wannan saɓani ne yake tayar da zuciya. Ka ajiye wayar, ka zauna a tsakiyar jirgin, ka zuba ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama.