Amsa ga mai son haɗa karatun injiniya da aikin wuni

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana aiki daga safe har yamma, kana son shiga digirin injiniya na fat-tayim, kana tambaya ko zai yiwu, kuma kwas nawa ya kamata ka ɗauka. Ta wannan hanyar na bi, ga abin da na gani.

Yana yiwuwa, amma ka fara ƙirga awoyinka kafin ka sayi fom. A tsarin jami'o'in Turai, shekara ɗaya ta cikakken karatu tana cin awa 1,500 zuwa 1,800, kusan daidai da abin da ma'aikaci ke yi a wurin aikinsa. Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 don masu karatu daga gida, tana gaya wa masu fat-tayim su ware awa 16 zuwa 18 a mako, su kuma sa ran shekara shida. To, kai da aiki ya riga ya cinye maka awa 40 ko fiye, ga zirga-zirga, ga iyali, ina za ka cusa cikakken jadawali? Taura biyu ba ta taunuwa. Ka ɗauki rabin kwasa-kwasan, ko da abokan shigarku za su riga ka fita.

Dalilin da ya sa na nace kan haka shi ne, darussan injiniya a sarƙe suke. Wani fannin za ka iya lallaɓa ka haye kwas ka manta da shi. Nan kuwa kalkulas, wato wani reshe na zurfafan lissafi, da ka tsallake da ƙyar a shekarar farko yana nan yana jiranka a darasin zafi da makamashi, da na gudanar ruwa, da na juriyar ƙarfe, da na da'irar lantarki. Na zauna kusa da wani gwanin gyaran janareta, mutumin da daga jin ƙarar inji zai gaya maka inda ciwon yake. Sai ga shi ya ƙura wa allo ido, biro a hannu, malami ya rubuta layi uku ya ce "sauran a bayyane yake", shi kuwa tun layin farko aka bar shi. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, ya daɗe ne rabonsa da aljabara. Don haka tun kafin a buɗe zango ka koma kan lissafin sakandare. Akwai laccocin MIT OpenCourseWare da na NPTEL ta Indiya kyauta a intanet, sai dai kallon bidiyo yana da yaudara: za ka ji kamar ka gane, har sai an ba ka farar takarda. Ka riƙa warware tambayoyi da hannunka.

Ni da asuba nake karatuna, kafin wayar ofis ta fara ƙara. Da dare bayan an tashi aiki, shafi ɗaya sai na karanta shi ba adadi. Awa ɗaya kullum ta fi mini zaman wuni guda a ƙarshen mako.

Sai ɗakin gwaje-gwaje. Lacca kana iya arar littafin wani ka kwafa, amma gwaji sai ka je da ƙafarka, kuma sau da yawa a ranar aiki ake sa shi. Ka nemi jadawalinsa tun yanzu, ka kai wa maigidanka, ku daidaita a rubuce, domin shugaba yana canjawa. Hutunka na shekara kuma ka adana shi don makon jarrabawa. In aikinka ya shafi fannin, ka sa ido kan wata matsala ta wurin da za ta zama furojet ɗinka na ƙarshe. Hakan kan sa maigida ya saki fuska.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasarka ko ta amince da wannan shirin na fat-tayim ɗin kansa, ba sunan makarantar kawai ba. In kana da niyyar aiki a waje, ka duba ko hukumar da ta tantance shirin tana cikin Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda mambobinta ke karɓar digirin juna.

Wane ɓangare kake so, lantarki ko kanikanci ko gine-gine? Faɗa mini, sai in gaya maka lissafin da za ka fara da shi.