Murya: amsa kan kinsinek ɗin da ke kai sara

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena na Samaru, na saurari tambayarka. Ka ce ɗan macijin nan kinsinek da aka kawo maka, mai zobe-zoben baƙi da fari, duk sanda ka sa hannu a akwatinsa sai ya kawo maka sara, har kana tunanin kaɗaici ne, ka samo masa ɗan uwa. Maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Ka kwantar da hankalinka tukuna, ba shi da dafi. Wanda ka kwatanta ɗin na Kalifoniya ne, asalinsa yammacin Amurka da arewacin Meziko. Naɗe abu yake yi ya matse shi kamar mesa, sannan ya haɗiye. In ya girma bai cika wuce mita 1 da 'yan kai ba, kuma in ya samu kula yakan kai shekara 15 zuwa 20. To ka ga ba ƙaramar amana ka ɗauko ba.

Batun ɗan uwa kuwa, don Allah kar ka soma. Wannan macijin macizai yake ci. A dajin ƙasarsu har masu dafi yake kamawa ya haɗiye, dafinsu bai cika yi masa illa ba. Ka haɗa biyu a akwati guda, ɗaya na iya cinye ɗaya ko da girmansu ya yi kusa. Kuma kar wani ya ji haka ya ce bari a jefa masa kububuwa ko kasa a ga yadda za a kaya. Juriyar nan ta macizan can ce, kar a gwada shi da namu.

Yanzu saran. Ka tsaya ka kalle shi da kyau kafin ya kawo, domin iri biyu ne. In tsoro ne, za ka ga ya dunƙule, ya janye wuya baya, yana kaɗa bakin wutsiya da sauri har ka ji tana karr a jikin takardar da ka shimfiɗa masa. In ka ɗaga shi sai ya sake maka wani ruwa mai wari daga gindin wutsiya. Ya kai sara ya saki nan take. Wannan halin ƙanana ne, yana wucewa. Ka riƙa ɗaukarsa na ɗan lokaci kaɗan, kana tallafo shi daga ƙasa, ba ka cafko shi daga sama ba, don a wurinsa abin da ke zuwa daga sama shaho ne. Ka bar shi ya riƙa bi ta tsakanin yatsunka. Da sannu zai saba, yawancinsu in sun girma masu sanyin hali ne.

Na biyun shi nake zargi a naka. Zai biyo hannunka a hankali yana fitar da harshe, ya dunguri yatsa da hanci, sai ya kama ya ƙi saki, har ya fara naɗewa. Wannan ba faɗa ba ne, ci ne. Kinsinek akwai haɗama, ƙanshin ɓera kaɗan a hannunka ya isa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa shi, ka fara shafar jikinsa da ɗan kara ya gane ba abinci ne ya zo ba. In ya riga ya kama, kar ka fizge, haƙoransa sun lanƙwasa ciki, za ka ji wa kanka ciwo ka ji masa. Zuba masa ruwan sanyi a ka, zai saki. Sai ka wanke wurin. Bayan ka gama da shi ma ka sake wanke hannu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, musamman ga yara.

Abinci, ɓera ne. Ƙarami kamar naka, jinjirin ɓera jajir wanda bai yi gashi ba, guda ɗaya duk kwana 5 zuwa 7. Babba kuwa duk kwana 10 zuwa 14. Kaurin ɓeran ya zo daidai da inda jikin macijin ya fi kauri. Ka nemi fararen ɓeraye na kiwo. Na ɗakin ajiya ko na kwata, a'a, ba ka san wanda ya ci maganin ɓera ba, ga tsutsar ciki. Ƙadangare da tsaka ma haka. Kuma matacce ya fi, don ɓera mai rai in ya ji matsa yana cizo, ya ɓata masa ido ko baki. In daga firiza ka ciro, ka sa shi a leda cikin ruwan ɗumi har cikinsa ya saki gaba ɗaya, ka miƙa da dogon hantsaki. Wanda ya narke don an ɗauke wuta ya kwana a haka, zubar da shi. In ya ci, kwana 2 kar ka ɗauke shi, in ba haka ba zai amayar.

Sai yanayinmu na Zariya. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance kusan digiri 30, ɗaya gefen kamar 24, kowanne da maɓoya. Ƙaramar ƙwarya ka kife ka fasa mata ƙofa, ta wadatar. Da hunturu, sanyin asubar Disamba da Janairu na hana shi narkar da abinci, har ya daina ci. Da bazara kuwa zafin Maris da Afrilu ne abin tsoro, ka nisanta shi da taga da ɗaki mai kwano ba silin, ruwa kuma kar ya yanke. In ka ga idonsa ya yi hazo-hazo, launinsa ya dusashe, saɓa zai yi, ka ƙyale shi ko ya ƙi abinci. Amma in yana numfashi baki buɗe ko yana ramewa, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da kai.

Murfin akwatin nake so in gani. Suna da naci wajen tura murfi, ɗan ƙaramin gibi ya ishe su. In ya fita ya shiga gidan maƙwabta ba wanda zai tsaya tambayar ko yana da dafi, kuma ka tayar wa mutane hankali. Ka ɗauko hoton akwatin ta sama da ta gefe ka turo nan in duba.